Kafin A Sayi Fenti, A Kunna Injin Nan Mu Gani

Muna gode wa masu kula da wannan mujalla da suka ba mu fili, muna kuma neman afuwar iyayenmu dattawan unguwa idan maganar ta zo da ɗan zafi. Kuɗin da aka tara domin gyaran ɗakin shan magani na unguwarmu kuɗin jama'a ne. Akwai na mai goro a ciki, akwai na ɗan canji, na mahauci, na mai shayi, har da na matan da suka kwance bakin zane suka aiko yara da shi. Saboda haka kowa yana da bakin magana a kansa, mu ma da namu muka zo.

Abin da ya zo kunnenmu shi ne, ana shirin zuba kaso mafi tsoka a kan sabon get, fenti, tayil, da allo mai fitila wanda za a riƙa hangowa tun daga bakin titi. Da aka tayar da maganar injin zuƙe majina, wanda ma'aikatan asibiti suke kira sakshan, sai aka ce wai ai wannan an gama da ita, tunda wani bawan Allah ya kawo guda ɗaya kyauta daga waje. Allah ya saka masa da alheri, ya ƙara masa buɗi. Amma mu ba mu yarda an gama da ita ba. Injin nan yana sito cikin kwalinsa tun ranar da aka ɗauki hoto da shi. Mabuɗin siton yana aljihun mutumin da ba a unguwar nan yake kwana ba. Waɗanda suka leƙa kwalin sun ce tiyo ɗaya ne a ciki maimakon biyu, babu filta, fulogin kuma ba irin wanda yake shiga soket ɗinmu ba ne. Har yau ba wanda ya kunna shi ya ji ƙararsa. To da wane mudu aka auna aka ce muna da inji?

Wani zai ce, ku 'yan kasuwa ina ruwanku da kayan likitoci. Gaskiya ne, ba aikinmu ba ne, kuma ba za mu taɓa sa tiyo a bakin kowa ba. Amma Allah ya ba unguwar nan 'ya'ya da suka yi karatun jinya da na karɓar haihuwa. Mun zauna da su, mun yi tambaya, sun kwance irin injin a gabanmu sun sake haɗawa. Wanda ya san goro mai sankara tun kafin a fasa shi ba zai kasa gane inji mai aiki da marar aiki ba, in dai an nuna masa sau ɗaya. Kuma mai biyan kuɗi yana da haƙƙin ya san abin da ya saya.

A maƙogwaron ɗan Adam hanya biyu ce, ta iska a gaba, ta abinci a bayanta. Mai lafiya idan wani abu ya kuskure ya nufi hanyar iska, nan take zai ƙware ya yi tari, abin ya fito. Wanda ya suma ba shi da wannan tarin. Haka wanda farfaɗiya ta kayar, da mai ciki da jijjiga ta kama, da tsohon da hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, da ɗan acaɓa da aka kwaso daga kan titi bakinsa cike da jini. Amai ko jini ko majina ya taru masa a baki, ko dai ya toshe hanyar iska ko ya gangara huhu. In ya toshe, ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin kamar minti 4 zuwa 6. In kuma ya gangara, ruwan ciki abu ne mai tsami, yana ƙona huhu, shi ya sa za ka ji an ce wane ya farfaɗo har ya yi magana, bayan kwana biyu ciwon huhu ya tafi da shi. Aikin injin ke nan, ya zuƙe abin kafin ɗayan biyun ya faru.

Masu cewa ai muna tsakiyar garin Ibadan, manyan asibitoci ga su nan kusa da mu, muna roƙonsu su ɗaura agogo su gwada. Daga ƙofar ɗakin shan magani a nemo mota, a ɗauko mutum a sa, a fito titi, a ratsa shataletalen Mokola lokacin tashi daga aiki ko ana tsaka da ruwan sama, a je a sami wanda zai karɓa. Duk wanda ya yi wannan cikin minti 4 ya zo ya gaya mana. Babban asibiti yana da amfani ga wanda ya isa can da numfashinsa.

Shi injin kansa ba wani abin tsoro ba ne. Kamar famfon mai faci yake, sai dai na mai faci hurawa yake yi, wannan ja yake yi. A jikinsa akwai geji mai allura, da maɓallin da ake murzawa a ƙara ƙarfi ko a rage. Sai kwalba mai murfi inda ƙazantar take taruwa. A murfin akwai baki biyu, ɗaya tiyonsa gajere ne yana tafiya wurin inji, ɗaya dogo ne yana tafiya wurin marar lafiya, kuma an rubuta a jikin kowanne. A ƙarƙashin bakin da yake tafiya wurin inji akwai wani ɗan abu mai tasowa a kan ruwa, irin na cikin tanki. In kwalba ta cika sai ya taso ya toshe, don kada ƙazanta ta wuce cikin inji. Wanda ya juya tiyon nan biyu, ya sa na nan a can, ya kashe wannan kariyar. Tsakanin kwalba da inji kuma filta take, ita ce mai tare ƙwayoyin cuta da danshi. Inji marar filta zai zuƙo cuta daga ƙirjin mutum ɗaya ya watsa ta a ɗaki ta iskar da yake fitarwa, kowa ya shaƙa. Filta kuwa ba ta shekara. Da ta jiƙe ko ta canza kala sai a canza ta, in ba haka ba ita da kanta za ta kashe ƙarfin zuƙar.

A ƙarshen dogon tiyo ake sa abin da zai shiga bakin mutum, shi ma iri biyu ne. Akwai mai tauri mai lanƙwasa kamar wuyan buta, ana kiransa Yankauer, sunan likitan Amurka da ya ƙirƙiro shi sama da shekara 100 da suka wuce. Shi ne na cikin baki, na amai da jini da abu mai kauri. Akwai kuma siriri mai laushi na hanci da na shiga can ciki, mai lamba-lamba, kowace lamba da kalar kanta: 8 shuɗi, 10 baƙi, 12 fari, 14 kore. Na jariri daban, na babba daban. Siririn sau ɗaya ake amfani da shi a yar, mai taurin na roba kuma mutum ɗaya ake yi wa aiki da shi. Ka ga ke nan inji kamar mota yake, ba kuɗin saye ne yake wahalar da mai ita ba, mai ne da taya da juyen baƙin mai. A lissafin da aka karanto wa jama'a, kuɗin fenti ya fito har da na leburan da zai shafa, amma ko kwabo ba mu ji an ware wa filta da tiyo da safar hannu ba.

Maganar fulogin nan ma ba ƙarama ba ce, kuma a nan ɗan kasuwa ya fi likita ido. Duk wanda ya taɓa cinikin kayan tokumbo ya san kayan Amurka a kan wuta 110 zuwa 120 aka gina su, tamu kuwa 230 ce. Ka yanke fulogi ka ɗaura namu ka soka, ƙauri kawai za ka ji, shi ke nan an yi jana'izar inji. A bayan kowane inji akwai ɗan allo da aka rubuta irin wutar da yake ci. Minti ɗaya ya isa a karanta shi. In na 110 ne sai an haɗa shi da taransifoma mai rage wuta, in na irin wutarmu ne ma yana son sitabilaiza, don mun san yadda wutar garin nan take hawa da sauka. Ba raina kyauta muke yi ba. Girmama kyauta shi ne a sa ta aiki, mai bayarwa ya sami ladan da ya nema.

Yanzu ga gwajin da muke ta magana a kai, wanda bai fi minti 2 ba. A haɗa komai, a rufe murfin kwalba ya zauna daram, a kunna. Sai a lanƙwasa dogon tiyo ko a toshe bakinsa da babban yatsa, a zuba wa geji ido. Allura ta tashi. Injin da za a dogara da shi a gaggawa, in an buɗe ƙarfinsa, ya kamata ya kai 300 a ma'aunin da aka rubuta mmHg. In an saki yatsa allura ta sauka. Idan inji yana ta kuka amma allura tana kwance, to iska tana shiga ta wani wuri: ko kwalba ta tsage, ko robar murfi ta bushe, ko tiyo bai zauna ba. Ƙarar inji ba shaida ba ce, janareta ma yana ƙara ba ya ba da wuta. Daga nan a tsoma bakin tiyo a ruwa mai tsabta a ga ya zuƙa. Wannan gwajin kowace safiya ake yi da kowane canjin aiki, a rubuta a littafi, mai gwadawa ya sa hannu. Direban tirela da zai ɗauki goro zuwa Kano ba ya tashi sai ya duba ruwa da mai da birki, ko da jiya lafiya lau ya shigo. Ɗan canji ba ya fara ciniki sai ya gwada injin ƙirga kuɗi. Yaya za a ce injin numfashi shi ne za a bari sai ranar da aka shigo da mutum yana shure-shure? Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai a lura, inji mai ƙarfi a hannun wanda bai sani ba shi ma haɗari ne, kuma wannan ce gaɓar da masu cewa an gama suka fi tsallakewa. Cikin maƙogwaro fata ce mai laushi. Ƙarfin da ya wuce kima yana kama ta ya yage, jini ya ƙaru a kan abin da ake son kwashewa. Ma'aikatan jinya sun gaya mana idan siririn tiyo zai shiga hanyar iskar babba, ana sa ƙarfin tsakanin 80 da 120, ba a wuce 150. Jariri sabon haihuwa ba a wuce masa 100. Kuma ana saita wannan ne tiyo yana toshe, don a nan ne geji yake faɗin gaskiyar ƙarfin da zai taɓa naman mutum. Ga wani tarko kuma. Wasu injinan da ake kawowa daga Sin ba da mmHg gejinsu yake magana ba, da MPa yake yi, lambobinsa ƙanana. A irin wannan gejin 0.02 ita ce 150, wasu kuma suna kaiwa har 0.09, wato sama da 600. Wanda bai sani ba zai ga 0.02 ya ce haba, wannan ai ba komai, ya murza maɓalli ya kai ƙarshe. Ka yi tunanin wannan ƙarfin a hancin jaririn da aka haifa yanzu. 'Yar takarda guda da za a liƙa a jikin inji, a rubuta lambar babba da ta yaro da ta jariri a ma'aunin da gejin yake amfani da shi, ta fi mana allo mai fitila amfani sau dubu.

Sannan inji ba majina kaɗai yake ja ba, har da iskar da ke huhun mutum. Shi ya sa akwai ƙa'ida. Ana shigar da siririn tiyo ba tare da zuƙa ba, sai wajen fitowa ake ɗora yatsa a kan ramin da ke jikinsa, ana murzawa a hankali ana janyowa. Kowace shiga ba ta wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 ga babba, ga yaro ƙasa da haka. Sai a dakata a ba shi iskar oksijin ya huta kafin a sake. Wata cikin 'ya'yan namu ta ce tun suna makaranta aka koya musu mai zuƙa ya riƙe nasa numfashin lokacin da ya fara. In shi mai lafiya ya ji ya matsu, to wanda ke kwance ya daɗe da matsuwa. In kuma aka cusa abu can ƙasan maƙogwaro ba bisa ƙa'ida ba, akwai jijiyar da yake taɓawa ta sa bugun zuciya ya ragu, musamman ga jarirai, ko ya tayar da sabon amai. Wannan ilmi ne, ba a gadonsa, ba a kuma koyonsa da kallo ta taga. Sai an biya kuɗi an kawo wanda ya iya ya koyar, an yi ta maimaitawa. Kuma wanda ya fi buƙatar koyon shi ne mai kwanan dare, don da rana akwai manya, da dare kuwa yarinya ɗaya ce da mai gadi.

Maganar jarirai muna so iyayenmu mata su ji ta da kyau, maza kuma su karanta musu. Akwai masu ganin cewa in an sami inji, duk jaririn da ya faɗo sai an zuƙe masa hanci da baki. Ba haka ba ne. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar cewa jaririn da ya fito ya yi kuka yana numfashi da kansa ba a zuƙe shi. A goge shi, a lulluɓe shi, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa. Wanda ake zuƙewa shi ne wanda aka goge, aka murza bayansa, bai yi numfashi ba, kuma ga abu ya cika masa baki ko hanci. Shi ma baki ake farawa kafin hanci, a taƙaice, sannan a koma ga jakar hura iska kafin minti ɗaya na farko ya wuce. Wanda ya tsaya yana ta zuƙa ya cinye wannan mintin, ya yi ɓarna da niyyar gyara. Don wannan aikin akwai wani ɗan abin matsawa na roba mai siffar tsuntsu, ba ya cin wuta, ana buɗe shi a wanke a tafasa. Kuɗinsa bai kai na bokitin fenti ba. Muna son a saya wa ɗakin haihuwa, a kuma saya wa ungozomomin unguwa, a zaunar da su a koya musu cikin mutunci. Su ne suka karɓi haihuwar da yawa daga cikinmu, ba wanda zai raina su. Amma sa baki a tsotse hancin jariri, da riƙe ƙafafunsa a juye shi kai a ƙasa ana bugu, lokacinsu ya wuce. Mai tsotsa tana iya kwasar ciwon hanta ko ƙanjamau ta cikin jinin haihuwa, tana kuma iya ba jaririn abin da ke bakinta.

Ta fuskar tsabta kuwa, a nan ne muke jin tsoron rowa ta shigo. Ranar da aka ce tiyo ya yi tsada, a ɗauraye na wancan a sa wa wannan, ranar ɗakin shan magani ya koma ɗakin raba cuta. Abin da ke cikin kwalbar nan jini ne da kaki da amai. Akwai tarin fuka a gari. Akwai zazzaɓin Lasa da yake tashi duk rani a jihohin Ondo da Edo, kuma ya sha kashe ma'aikatan asibiti. Mai zuƙa yana buƙatar safar hannu da takunkumi da abin kare ido, don mutum yana iya yi masa tari a fuska. Kwalba ba a jira ta cika, kuma ana juye ta bayan kowane marar lafiya, a cikin masai, ba a kwatar da yaranmu suke tsallakawa su tafi Islamiyya ba. A wanke ta da sabulu, a jiƙa ta minti 10 a ruwan bilic, a ɗauraye, a bari ta bushe. JIK ɗin da muke sayarwa a shaguna mai ƙarfin kashi 3.5 ne, ana zuba awo 1 a cikin awo 6 na ruwa, kuma kullum sabo ake haɗawa. Wannan duk kuɗi ne ƙanana amma na kullum, irin waɗanda ba a ɗaukar hoto da su, shi ya sa ba su da mai tsaya musu a taro.

Sai wuta. Ba sai mun gaya wa kowa yadda ake ɗauke ta ba. Injin da yake jiran a tashi mai gadi, a nemo tocila, a ja igiyar janareta sau bakwai, a tarar babu mai, wannan ba injin gaggawa ba ne. Akwai na ƙafa wanda ake takawa kamar keken ɗinki, ba ruwansa da lantarki, kuma bai kai mai wuta tsada ba. Lallai a sami ɗaya ya zauna gefen ɗan'uwansa, kamar safaya taya. In an sami mai batir, to kullum yana jone. Kuma a ware masa soket nasa shi kaɗai. Mun san halin mutanenmu, in ba a sa doka ba, ranar da za a nemi soket ɗin za a tarar da wayoyi huɗu suna caji.

Akwai maganar da ake rufe bakin mutane da ita, wai in ajali ya zo inji ba ya hanawa. Haka ne, kuma ba wanda ya isa ya ƙara wa wani daƙiƙa. Amma tun muna gaban malamanmu aka karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Mai faɗin wannan maganar shi ne yake sa kwaɗo biyu a shagonsa, shi ne yake biyan mai gadi duk wata. Bai taɓa barin ƙofa a buɗe ya ce in rabon ɓarawo ne zai ɗauka ba. Sai a kan numfashin ɗan talaka ne ake tuno ajali? Mu ne ake tasowa in an yi rasuwa, mu ne muke ba iyaye haƙuri, kuma muna ba su da zuciya ɗaya. Amma kuɗin da jama'a suka damƙa wa kwamiti amana ce, wanda ya karɓa za a tambaye shi a ina ya sa, me ya gabatar, me ya jinkirta.

Tunda mun zo nan, bari mu taɓa abin da ake yi a gidaje, don sau da yawa aikin injin daga can ake ƙirƙiro shi. Mutum ya faɗi ya suma, kafin ka ce kwabo an ɗaga kansa ana ɗura masa ruwa, wani ya kawo madara, wani manja, wata ta zo da rubutu. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ya haɗiya, duk abin da aka ɗura masa hanyar huhu yake nema. Rubutun a ajiye shi sai ya farfaɗo, ko a shafa masa a jiki, ba zai lalace ba. Cokalin da ake cusa wa mai farfaɗiya a baki shi ma haƙori yake karyawa. A kwantar da mutum ta gefensa, bakinsa ya kalli ƙasa, abin da ke ciki ya zubo, a garzaya da shi a haka. Haka kuma mun ga gidajen da aka sayo ƙaramin inji domin tsoho mai shanyewar jiki, abin yabo ne, amma sai a miƙa wa autan gida ya riƙa yi. A kira nas ta zo ta saita ƙarfin, ta koya wa mutum ɗaya ko biyu, su tsaya a cikin baki da mai taurin nan, kada su bi ta hanci ko su zurfafa sai in an koya musu wannan ɗin musamman.

Unguwar nan tun 1916 take. Abin da ya riƙe kasuwancin iyayenmu a ƙasar da ba tasu ba shi ne, duk baƙon da ya sauka da shanu ko ya zo sayen goro yana da maigida, mutum guda sananne wanda in kaya sun salwanta shi za a kama. Irin wannan muke nema wa injin nan. A kowane canjin aiki a san sunan wanda injin yake wuyansa. Ya fito daga sito ya zauna a ɗakin da ake karɓar marasa lafiya, a haɗe, a jone, da mai tauri da sirara na kowace lamba a aljihun tebur kusa da shi, ba kwaɗo. Kason farko na kuɗin da aka tara ya tafi ga cike abin da ya rasa, da sayen na ƙafa, da na jarirai, da kuɗin mai koyarwa, sannan a ware na filta da tiyo da safar hannu na shekara guda a hannun ma'aji. In injin kyautar ya ƙi tashi, a sayi sabo a wurin dillalin da zai ba da takardar garanti, wanda kuma yake da filta da kwalbarsa a shago, don araha ba ta ado. Abin da ya rage a yi fenti da shi, ba mu ƙi ɗakin ya yi kyau ba. Get ɗin da ke nan tsoho ne amma yana buɗewa yana rufewa.

Muna roƙon shugaban kwamiti, wanda muke ganin girmansa, kafin a sa hannu a fitar da ko sisi, a taron da ke tafe a fito da injin nan gaban jama'a. A kira yarinyar da take kwanan dare ta haɗa shi da hannunta, a karanta allon bayansa, a kunna, a toshe tiyo, kowa ya matso ya ga allura. Bokitin ruwa mu za mu zo da shi. Mai mabuɗin sito ya zo da mabuɗi.